Mun Je Kallon Habibu, Muka Kalli Bayan Baffa Sale

Kaduna zuwa Kwanar Dangora

Ban jira kiran assalatu ba na fito daga gida. Mai adaidaita ya sauke ni a tashar Kawo gari bai waye ba, sallar asuba ma a can na yi ta, a gefen rumfar mai shayi. Kayana ba yawa: jaka ɗaya, ledar tsaraba, sai wani ɗan gidan tabarau da na cusa can ƙasan jakar hannuna ina lalubarsa jifa-jifa.

Ku da kuka matsa min sai na ba ku labarin tafiyar nan, bari in fara da abin da ya fitar da ni. Habibu ɗan yayata ne, Yaya Rabi, kuma shi ne ɗan farinta. A hannuna ya yi sakandare. Ya samu tallafi ya tafi Jamus koyon aikin injinan ban-ruwa, muna ta murna za a dawo mana da injiniya, sai muka ji wai yaro ya shiga waƙa. Ba irin waƙar da kuka sani ba. Ofera ake kiranta, wasan kwaikwayo ne a kan dandamali amma ba a magana, ko ruwan sha mutum zai roƙa sai ya rera. Ya daɗe rabonsa da gida, maganar takardu ta riƙe shi.

Shi ya kira ni ya ce ranar Asabar za a haska wasansu kai tsaye, kuma ya shirya da Malam Sabo, shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinmu, za a nuna a ɗan zaurensu.

"Inna, fitowata sau ɗaya ce, kuma gajeriya. Ɗan aike ne ni, in shigo in isar da saƙo in fita. Ba a maimaitawa. Don Allah ki tabbata ta gan ni."

Wadda yake nufi uwarsa ce, kuma a nan aikin yake. Yaya Rabi irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "ɗanki" take ce min. In ya kira ta a bidiyo sai ta miƙa wa wani wayar ta juya baya tana tsintar shinkafa, ta amsa gaisuwa daga nesa. Hotonsa in an nuna mata kai take kawarwa. Ni kuwa na san abin da ke cin ta, ciki ɗaya muka fito. Wuri ɗaya ne za ta iya zuba masa ido son ranta ba wanda ya kama ta tana yi: cikin duhu, a tsakiyar jama'a. Ga idon nata ya yi rauni, shi ya sa da ta zo wurina kwanaki na kai ta aka auna, tabaran ne sai yanzu suka fito.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Direban wani siriri ne mai yawan waya, ya jera mu huɗu a baya, ya kawo wata mai buhun citta zai ƙara.

"Malam, a kan wa za ta zauna?" na tambaye shi.

"Hajiya, a yi haƙuri a matsa, duk tafiyar ba nisa."

"To kai ka matsa ka ba ta sitiyarin mana."

Aka yi dariya, amma dai sai da aka saka ta, buhun kuma a kan ƙafata ya sauka. Shingayen hanya ban ƙirga ba, kowanne dai sai an tsaya an yi gaisuwar da aka saba. Mun wuce Zariya lafiya, a Tashar Yari na sayi ƙosai da kunu ta taga. Dab da Kwanar Dangora taya ta fashe, aka buɗe bayan mota aka tarar safaya ita ma a sace take. Direba ya hau babur ya tafi neman mai faci, ya bar mu a gindin wata darbejiya muna korar ƙuda.

Kadawa, Kura, Karfi

Duk haushin da na kwaso, da muka shigo Kadawa sai da raina ya ɗan yi sanyi. Wuri kore shar ko'ina, ga magudanan ruwa a miƙe, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, ga mata sun yanka na shanya sun baza ja wur. Duk wanda aka haifa a nan ya san warin nan na tumatir da laka da hayaƙin inji. Sanyin ran bai daɗe ba, domin mun shigo Kura daidai lokacin Juma'a, sahu ya cinye titi. Direba ya kashe mota ya ari dardumar wani ya shiga sahu, mu mata muka zauna a ciki muna dahuwa. Da tafiyar ta tafi daidai, da tuni ina gida.

A Karfi na sauka, inda hanyar Bunkure ta ɓalle. Motar da na samu kurkura ce, 'yar motar ɗaukar kaya, mai komawa da kwandunan da aka juye, aka ba ni gaba don girmamawa, ƙofar kuma da igiya ake ɗaure ta.

Bunkure zuwa gida

Daga Bunkure sai babur, domin hanyar garinmu gefen babbar magudana take bi. Ban gama zama ba ɗan acaɓan ya waigo.

"Hajiya, ko ke ce innar mai waƙar Turawa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ai duk yankin nan an sani. An ce shi ne sarki a wasan, har da doki."

"Ɗan aike ne. Ka kalli gabanka."

"Kai, Hajiya, ba kya son a san arzikinku ne kawai."

Tun daga nan na gane zauren zai cika fiye da yadda nake so. A hanya sau biyu na sauka na taka da ƙafa, saboda manoma sun yanka hanya sun shimfiɗa tiyon ruwa, wurin ya zama caɓi. Na isa gida takalmina a hannu.

Yaya Rabi ta tare ni da shinkafa da wake, an yanka latas da tumatir da albasa a kai, ga zoɓo mai sanyin randa. Sai da na ci na yi sallah sannan na miƙa mata tabaran. Ta juya gidan a hannunta, ba ta buɗe ba.

"Wa ya ce ki wahalar da kanki?"

"Likita. Gobe za ki je zauren Malam Sabo?"

"In je in yi me? Ina da shanya."

"Ba kallo na ce ki je ba, Yaya. Raka ni za ki yi. Ni yanzu baƙuwa ce a garin nan, in shiga taro ni kaɗai?"

Ta ci gaba da kaɗe tabarma. Can ta ce, "Rakiya dai ba laifi ba ce."

Da yamma na je na ga zauren. Tsohon sito ne na ƙungiyar manoma, har yanzu yana warin taki. Su Malam Sabo sun yi dandamali da bulo, a nan suke wasanninsu na faɗakarwa, ranakun ƙwallo kuma su haska wa matasa don su samu na man janareto. Malam Sabo malamin firamare ne, mutum mai haƙuri da son abin nan har cikin ransa. Ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa, ya toshe tagogi da buhuna, ya ɗaure na'urar kama intanet a kan doguwar gora a saman rufi. Majigin kuma a kan tebur yake a tsakiyar zaure, yana jefa hoto a bango ta saman kawunan 'yan gaba. Na zaɓa wa Yaya wuri a kusurwar baya ta ɓangaren mata, kusa da ginshiƙi, muka ɗora benci a kan bulo don ya ɗaga. Na zauna na gwada, ana ganin bango tas.

Daga nan na wuce gidan Baffa Sale, ƙanen marigayi mahaifin Habibu, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baffa, alfarma ɗaya nake nema. In yaron nan ya fito, kada a tashi, kada a yi guɗa, kada a yi liƙi. Fitowar gajeriya ce. In an gama a yi duk abin da za a yi, ni ma zan taya."

Ya shafa gemu. "Hajara, ɗanmu ya yi waƙa a gaban jama'a mu zauna kamar ba mu san shi ba?"

"Ba ya ganinku, Baffa. Bango ne."

"Na san bango ne, ai ba yaro ba ne ni. Shi ba ya ganinmu, amma gari na ganinmu."

Ban iya ce masa saboda Yaya nake roƙo ba, domin in maganar ta fita ko da ɗaure ta aka yi ba za ta je ba. Na dai yi ta magiya har ya ce to, in Allah ya yarda. Na san irin wannan to ɗin, amma na karɓa na tafi.

Asabar, a zauren Malam Sabo

Bayan azahar aka buɗe ƙofa. Zauren da aka yi don mutanen unguwa ɗaya, sai ga mutane har daga Madobi. Baffa Sale ya shigo cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, ya zauna a sahun gaba da sauran dangi. A gefensa akwai Alhaji Tanimu dillalin tumatir, wanda ba shi da haɗin komai da mu sai son a gan shi. Na shigo da Yaya a ƙarshe, ta ja mayafi har goshi, ta zauna a bencinta tana kallon ƙasa.

Aka rufe ƙofa, wuri ya yi duhu, janareto ya ɗauka. Sai ga wani ƙaton zaure a bango, fitilu da kujeru hawa-hawa, masu goge sun fi a ƙirga. Na saci kallon Yaya. Hannunta ya shiga cikin mayafi a hankali, ta fito da tabaran ta saka, ta ɗaga kai. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta zo min. Na ce a raina duk wahalar jiya ta biya.

Wasan kansa kuwa, ku yi min afuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wata mata mai jiki ta fito cikin doguwar riga ta kama waƙa, muryar tana hawa tana hawa har yaran da ke gaba suka toshe kunne. Malam Sabo na tsaye a gefe yana karanta rubutun da ke ƙasan hoton yana fassarawa.

"Tana cewa mijinta ya tafi yaƙi, ba ta san halin da yake ciki ba."

Aka jima, ita dai tana yi.

"Yanzu me take cewa?" wani ya tambaya daga baya.

"Har yanzu maganar mijin ce."

"To a kira shi a waya mana, a huta."

Duk namijin da ya shigo sai an tambaya ko Habibu ne, har da wani tsohon Bature mai sanƙo. Zafi kuwa ba a magana, rufin kwano ga tagogi a toshe, kowa na fifita da abin da ya samu. Sau ɗaya hoton ya tsaya cik matar baki buɗe, Malam Sabo ya fita da gudu ya juya gorar, ni kuma ina ta salati a zuci. Wasu suka gaji suka tafi duba ruwan gonarsu, na ce Allah ya raka taki gona a raina, ko ba komai an rage numfashi. Yaya ko motsi ba ta yi ba.

Allah ya taimaka hutun rabin wasa ya faɗo daidai la'asar, aka fita aka yi sallah aka sha iska. Na sake tarar Baffa a bakin ƙofa na tuna masa. Ya ɗaga min hannu, wai ya ji.

Da aka koma ba a daɗe ba Malam Sabo ya ce, "Jama'a a natsu, yanzu ɗan aike zai shigo." Wannan sanarwar ita ce kuskurensa, Allah ya yafe masa. Wata ƙofa ta buɗe a can ƙarshen dandamali, wani dogo baƙi ya taho cikin kayan soja irin na da. Tun kafin a matso da fuskarsa na gane tafiyar. Na kama hannun Yaya.

Sai Alhaji Tanimu ya miƙe. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya nufi bango yana taku ɗai-ɗai, yana cewa, "Ɗan garinmu ne, ba za a ce ba mu yaba ba." To bare ya tashi, dangi za su zauna? Baffa Sale ya zabura, ƙannensa suka bi shi, matan gidan suka ɓarke da guɗa, masu waya suka ɗaga wayoyi suka yi gaba. Kafin in ce wani abu an cika tsakanin majigi da bango. Hasken duk ya sauka a bayan mutane. Muryar Habibu na ji ta fara, mai kauri, kalma biyu ko uku, guɗa ta danne ta.

Na tashi na kutsa ina ture mutane. "Ku zauna. Don girman Allah ku zauna. Baffa, ka kauce." Ba wanda ya ji ni. Malam Sabo ya rungume teburin majigi don kada a kifar da shi. Baffa na tsaye ya buɗe hannuwa yana manna kuɗi a farar ƙasa suna zubowa, rigarsa ta baje ta tare kusan komai. Na kai hannu zan ja shi gefe, wata ta taka min mayafi na durƙusa. Da na miƙe, bangon ya dawo, matar nan ce ita kaɗai tana kuka da waƙa. Ɗan aike ya isar da saƙonsa ya fita.

Na waiwaya kusurwa. Yaya ta riga ta cire tabaran, tana mayar da su gidansu.

Ban tsaya ganin ƙarshen wasan ba, ban san ko mijin ya dawo ba, ban kuma damu ba. A waje na tsare Baffa, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Hajara, ubansa ba ya raye. Tanimu ya tashi, ni in zauna? Gobe a ce yaron nan ba shi da kowa?" Idonsa ya yi ja. Haushina bai ragu ba, amma na ƙyale shi. Na bi masu wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko wani ya ɗauko fuskarsa, duk abin da ke ciki ƙeyoyi ne da huluna. Malam Sabo ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce masu wasan ba sa barin a adana, sharaɗinsu ke nan.

A gida na tarar Yaya tana kwashe shanyarta. Na ce, "Yaya," ta ce, "Kin ga an kusa magariba, kamo min bakin buhun nan." Na kama mata, muka kwashe shanyar tare.

Lahadi, komawa

Da sassafe ta rako ni bakin magudana, ta haɗa min busasshen tumatir da shinkafa 'yar gida. Babur zuwa Bunkure, bas zuwa Karfi, a nan na tsaya a bakin titi har na samu motar Kaduna da ta taso daga Kano da gurbi ɗaya. Wannan karon taya ba ta fashe ba, ba a ɗora min buhun kowa ba, abin ma sai ya ƙara ba ni haushi. Habibu ya kira ni muna Kadawa, ya sake kira muna Zariya. Na kalli wayar har ta katse, domin ban san me zan ce masa ba.

Na shiga gida kafin la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna. Ina gode wa Malam Sabo da 'yan ƙungiyarsa, sun yi iya yinsu da sito da gora da janareto, kuma ina roƙonsu in za a sake, a rataye majigin nan a sama. Baffa Sale ma na gode masa da kazar da ya aiko min da safe, ko da yake ban ci ba.

Ina cire mayafi waya ta yi ƙara. Yaya ce, ita da ba ta taɓa kiran kowa da kanta ba. Na ji iska da ƙarar injin ban-ruwa, alamar ta fita bayan gida inda ba kowa.

"Kin sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"To madalla." Amma ba ta kashe ba. "Ke da kika je gaba. Ɗan naki, ya rame?"

Na so in ce mata ya yi ɓul-ɓul, amma ban iya yi mata ƙarya ba.

"Ban gan shi sosai ba, Yaya. Lokacin da na isa, hoton a bayan rigar Baffa yake. Kunne ɗaya na gani, da gefen kumatu, da ɗan gemu. Hakan ma rigar na ta motsi."

"Ya bar gemu?"

"Kaɗan, a haɓa."

"Kumatun fa?"

"Da ɗan cika. Yana sheƙi, ina jin gumi ne."

"Kunnen wane ɓari?"

Na rufe ido na tuno. "Na hagu."

Na ji ta ja numfashi. Injin na ta bugawa a bayanta.

"Hajara, ba kowa a kusa da ni," ta ce. "Sake faɗa min daga farko, a hankali."